Yadda na sayi motar haibirid ta hannu a Kano, daga lissafin mai har zuwa karɓar lamba

A watan Oktoban 2024, lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000, na shiga gidan mai na ba da naira 30,000, na tada mota na ga allura ko rabin tanki ba ta kai ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba, kuma wannan kuɗin sai ya cika min tanki sau biyu har da canji. Tsohuwar motata mai fulogi shida ce, ta yi mana hidima shekara tara, amma ta fara yawan kwana a gareji. Da daddare bayan yara sun yi barci, ni da uwargida muka ɗauko biro da takarda. Kai yara uku makaranta da ɗauko su, zuwa shago, cefane, kai Hajiya asibiti, da zuwa gida ƙauye sau ɗaya a wata, duka sun tashi wajen kilomita 1,300. Mai kuwa lita 200 nake sha a wata, wato kowace lita kilomita 6 da ɗan ɗoriya take kai ni. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malam, ashe kuɗin man nan ya fi kuɗin makarantar yaran nan." Daga ranar na fara neman mafita, kuma abin ya ɗauke ni wata uku. Na rubuta wannan ne don wanda zai bi hanyar kada ya yi asarar da na yi.

Makon farko a tambaye-tambaye ya ƙare, kuma yawancin amsoshin da na samu a majalisa ba daidai ba ne. Wani ya ce haibirid sai an jona ta da wuta kullum, ina za ka samu wutar? Wani ya ce batirinta na mutuwa ka jefar da motar. Na kuma yi tunanin mayar da tsohuwar motar mai amfani da iskar gas ta CNG da gwamnati take tallatawa, amma tukunyar gas ɗin za ta cinye but, ga injin ya riga ya gaji. Da na zauna na yi karatu sai na gane haibirid iri-iri ce. Akwai wadda ake jonawa da wuta, amma wadda ta fi yawa a wurinmu, irin Prius da Camry da Highlander na Toyota, ba ta da wurin jona wuta ma sam. Fetur kawai ake zuba mata. Tana da injin fetur da injin lantarki da babban batir a baya, ita take yi wa kanta caji idan inji yana aiki da kuma duk lokacin da ka taka burki. Idan ka tsaya a danja ko ka shiga cunkoso, inji sai ya mutu da kansa, lantarki ya riƙe esi, ya kuma ja motar a hankali. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1997 aka fara sayar da Prius a Japan.

A nan na fahimci abin da ya fi komai amfani gare ni: ribar haibirid a cikin gari take. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Camry haibirid ta 2012 zuwa 2014 tana yin wajen kilomita 18 a lita a cikin gari, 'yar uwarta mai fulogi huɗu da ba haibirid ba kuma ba ta kai 11 ba. Amma a kan babbar hanya tazarar ba ta da yawa, wajen 16 da rabi ne da 15. Wanda aikinsa Kano zuwa Abuja kowane mako, ban ga abin da zai kai shi ga haibirid ba. Ni kuwa rayuwata tsakanin Kabuga da Kofar Nassarawa da cikin Sabon Gari take, ina bin bayan A Daidaita Sahu taku-taku, wato inda ta fi kowace mota amfani.

Wani abokina da ya taɓa riƙe irinta ya ba ni shawarar da na raina a lokacin. Ya ce kada in je wurin masu sayar da mota sai na samu bakaniken da ya san haibirid. Na ji shi, amma zumuɗi ya ja ni. Ranar wata Asabar na shiga wani wurin sayar da motoci, na ga Camry haibirid 2014 ruwan toka, fenti yana ƙyalli, ciki kamar ba a taɓa zama ba. Dillali ya danna maɓalli, ba ƙara ko kaɗan, sai rubutun READY da ya fito kore a gaban sitiyari. Ya ce, "Alhaji, ai ta tashi, haka suke." Muka zaga da ita minti biyar, babu wata fitilar gargaɗi da ta kama. Ya ce wani daga Katsina zai zo ɗauka gobe, in ina so in ajiye kafin alƙalami. Na tura masa naira 200,000 nan take, ba rasit, ba shaida, ba sharaɗin cewa sai an duba. Wannan shi ne babban kuskurena a duk tafiyar.

Sai bayan nan na shiga neman bakanike, kwana tara ina yi. Gareji uku na je. Na farko ya ce shi ba ya taɓa su, kuma na gode masa da ya faɗi gaskiya. Na biyu ya ce duk mota mota ce, sai na fita. Wani mai sayar da kayan gyara a Kofar Ruwa ne ya kwatanta min na ukun, matashi ne, a garejinsa na tarar da Prius biyu an buɗe bayansu, ga safar hannu ta roba mai kauri a rataye. Ya nuna min wayoyi masu ruwan lemo ya ce duk inda na ga irinsu kada in bar yaron gareji ya kai hannu, wutar da ke ciki ta haura bolt 200, tana iya kisa. Muka yi da shi zan riƙa ba shi naira 15,000 a kan kowace motar da ya duba min, ko na saya ko ban saya ba.

Da muka koma wurin ruwan tokar, bai ko kalli fenti ba. Ya durƙusa ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya zauna a kujerar gefe yana kallon allo. Can ya juyo da allon wajena ya ce, "Yaya, duba nan." Babu wata matsala da ta nuna, amma na'urar ta nuna cewa kilomita 11 kacal motar ta yi tun lokacin da aka goge bayanan matsalolinta. Wato wani ya sa kwamfuta ya share gargaɗin kafin a kawo ta kasuwa. Ya ce in tuƙa, mu hau titi mai tsawo, in taka totur da ƙarfi sannan in taka burki, in maimaita. Batirin Camry ƙananan batura 34 ne aka jera, na'urar tana nuna su bibbiyu, layi 17. Ina tuƙi yana kallo. Duk lokacin da na taka, layuka 16 sai su sauka tare su tashi tare, amma layi na tara sai ya zube ya bar 'yan uwansa da fiye da bolt ɗaya. Ba mu yi minti ashirin ba fitilar gargaɗi ta kama, na'ura ta rubuta P0A80, wanda ma'anarsa a sauya babban batir. Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Yaron dillalin da ke zaune a baya bai ce uffan ba.

Karɓo kuɗina ya ɗauki mako uku. Na je sau biyar, yau a ce maigidan ya yi tafiya, gobe a ce ni na fasa ciniki don haka kuɗin ya faɗi. Sai da na je da wani dattijo da suke jin kunyarsa aka ba ni 150,000, sauran 50,000 aka ce na ɓata musu kasuwa. Na haƙura, amma abin ya yi min ciwo, don kuɗin guminmu ne ni da uwargida, har da adashenta a ciki.

Daga nan muka sauya tsari. Ba na zuwa ko'ina sai da bakanike, kuma ranar Lahadi da iyali muke fita. Uwargida Highlander haibirid take so saboda kujera bakwai, ga Hajiya ga yara kowa ya sake. Muka duba guda ɗaya. Injinta fulogi shida ne, a takarda ma kilomita 12 take yi a lita, kuɗinta kuma ya ninka ƙarfinmu kusan sau biyu. Prius ta 2012 ita ta fi burge ni wajen mai, a takarda tana haura kilomita 21 a lita, bayanta kuma yana cin kaya sosai. Mai ita ya yarda muka je da ita har gida. A bakin lungunmu akwai kwalbati mai ɗan tudu, muna hawa da mutum biyar a ciki sai na ji ƙasanta ya gogi siminti. Na tuna yadda lungun yake zama da damina, na tuna hanyar ƙauyenmu bayan an bar kwalta. Yara uku kuma sun matsu a baya, babban yana ta gyara kafaɗa. Muka mayar da ita, muka dawo kan Camry. Ita ma tana da nata naƙasun: batir ya ci wani ɓangare na but, bai kai na Camry da ba haibirid ba. Uwargida ta sa aka kawo buhun shinkafa da akwati biyu aka gwada, suka shiga da ƙyar. Ta ce ta yarda, da sharaɗin duk ranar da za a fita da Hajiya, babban yaro ya zauna a gida ko ya bi ƙanina. Har yau wannan yana damuna, ba zan ɓoye ba.

Mota ta gaba da muka gani batirinta lafiya lau, amma tarihinta ne ya kayar da ita. Kowace mota tana da lambar jiki mai harufa da alƙaluma 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Yawancin motocin da muke kira Beljiyam daga Amurka suke, da yawansu kuma daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Da wannan lambar ake sayen rahoton tarihin mota a intanet, irin na Carfax. Wani yaro mai shagon kwamfuta ya ciro min a kan naira 10,000. Allon motar yana nuna mil 88,000, rahoton kuma ya nuna tun shekara biyu da suka wuce ta haura mil 190,000. An juya mata agogo. A lura kuma, mil ne ba kilomita ba, kowane mil kilomita 1.6 ne. Bakanike ya ƙara min da cewa motar da ambaliya ta taɓa ci ita ce mafi haɗari a haibirid, don haka duk motar da muka duba sai ya ɗaga kafet ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujeru yana neman tsatsa da busasshen taɓo.

A tsakiyar Janairun 2025 muka samu wadda muka saya, Camry haibirid 2013, fara, mil 121,000, kuma abin da allo ya nuna ya yi daidai da rahoto. An taɓa bugunta ta baya, an sauya bamba, rahoton ya faɗa, mai motar ma ya faɗa tun kafin in tambaya, abin da ya sa na ji na natsu da shi. Mun yi kusan awa ɗaya a kan titi, layuka 17 suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Bakanike ya duba ƙaramin batir mai bolt 12 da yake cikin but, ya duba ruwan sanyaya inji da na ɓangaren lantarki, don tulunsu daban-daban ne, ya saurari burki. Ya ce batirin na asali ne, ya tsufa amma yana da sauran ƙarfi, sai dai ba zai rantse min shekara nawa zai ƙara ba. Garantin da kamfani ya ba irin wannan batir a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, kuma duka biyun sun wuce. An sa mata naira miliyan 13 da rabi, na taya 12, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya sallama a miliyan 12 da dubu 600. A wannan karon na ce ko sisi ba zan ba da ba sai na tantance takardun kwastan. Ya ce ya ba ni kwana biyu.

Washegari ƙarfe tara na isa ofishin kwastan da hoton takardun: takardar bayanin kaya mai ɗauke da lambar da ta fara da C, takardar ƙiyasin kuɗin fito, rasit ɗin banki, da takardar fitar mota daga tashar jirgin ruwa ta Legas. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, shi ya sa duk motar da aka ce ta Kwatano ta biyo sai an yi taka-tsantsan da takardunta. Na rubuta buƙatata, na zauna a benci tare da wasu mutum shida, har bayan azahar. Wani da muke zaune tare ya koya min abin da ban sani ba: harafi na goma a lambar jikin mota shi yake nuna shekararta, C 2012 ce, D 2013, E 2014. Wasu masu fito sukan rubuta shekarar da ta gaza ta gaskiya don a rage musu kuɗi, kai mai saye kuma kai za a tare a hanya a ce ka cika. Na ƙirga da yatsa, na goma D ne, takarda ma 2013 ta ce. Da jami'in ya kira ni ya ce lambar takardar kwastan ɗin ta fito, an biya, kuma ita ce ta wannan motar, sai da na yi ajiyar zuciya.

Biyan kuɗin ma ya zo da nasa. Manhajar bankina tana da iyakar abin da za a tura a rana, ban tuna ba sai da muka zauna za a biya. Dole muka tafi reshen banki da mai motar, na cike fom, muka jira awa ɗaya da rabi kafin kuɗin ya faɗa masa. Muka rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar jikin mota da lambar inji, shaidu biyu suka sa hannu, na karɓi rasit mai sunan wurin, da takardun kwastan na asali, da makulli biyu. A nemi makulli na biyu tun a wurin, don yin sabo yana da tsada. La'adar wanda ya haɗa mu naira 100,000 na ba shi. Tsohuwar motata kuma miliyan 3 da dubu 800 aka saye ta.

Yin lamba kwana takwas ya ɗauka. Na je da kaina ban ba ɗan tsakani ba. Abin da aka nema: takardun kwastan, rasit da takardar ciniki, lambar NIN, hotuna, da lasisin tuƙi. Aka cike bayanan a kwamfuta, na biya ta banki, jami'an duba lafiyar mota suka fito suka gwada lambar jiki da fitilu da burki. Wanda ya zo dubawa ya ce in tada mota, na ce ai a tashe take, sai da ya leƙo ya ga READY. Inshorar da doka ta wajabta, wadda take biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce tun farkon 2023, kuma na yi ta a ofishin kamfanin inshora da kaina don in tabbatar ta gaske ce. Duka-duka, da lamba da lasisin mota da takardar mallaka da ta lafiyar mota da inshora, wajen naira 85,000 na kashe. Sau uku na koma kafin farantin lambar ya iso.

Kafin iyali su fara shiga, ta kwana biyu a gareji. Aka juye baƙin mai aka zuba 0W-20 da littafin motar ya ce, aka sauya man giya da nata na asali, sannan bakanike ya kwance fankar da take sanyaya babban batir. Ya kira ni in gani. Fikafikanta sun toshe da ƙura da gashin kare tun daga Amurka, kamar an liƙa musu auduga. Ya ce zafi ne babban abokin gaban batirin nan, kuma fankar daga cikin mota take jan iska ta wata 'yar taga kusa da kujerar baya, don haka kada yara su toshe ta da jaka ko hijabi, kuma da zafin Maris da Afrilu, da Kano take haura digiri 40, kunna esi taimakon batir ne ba almubazzaranci ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in bar mai gyaran esi na bakin titi ya zuba mata mai, don kwamfuresarta ta lantarki ce, tana da nata mai na musamman, wani daban yana iya jawo matsalar wuta. Kada in bari fetur ya ƙare ƙaf, kada kuma in ajiye ta wata da watanni ba a tayarwa. Wannan zama ya ci naira 140,000.

Yanzu da na yi watanni da ita, ina rubuta kowace lita a ɗan littafi. Da esi a kunne da cunkoson Kano, kilomita 14 zuwa 15 take ba ni a lita, bai kai na takarda ba, amma lita 200 ta koma 90 da 'yan kai. Sai dai in za a yi lissafi na gaskiya, wanda motarsa take lafiya kada ya sayar don ragin mai kawai, zai yi shekara shida ko fiye kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ni dama sauya mota ya zama min dole, tambayar kawai ita ce haibirid ko wadda ba haibirid ba, kuma a wuraren da na zaga bambancin kuɗinsu ba shi da yawa. Da zan sake, da bakanike zan fara, sai rahoton tarihi tun kafin in ɓata kuɗin dubawa, sai gwajin batir a kan titi na aƙalla rabin awa, sai iyali su shiga da kayansu a bi lungun gida, sai kwastan, kuɗi ya zo a ƙarshe. Kafin alƙalami kuwa, in ya zama dole, a rubuce da shaidu da sharaɗin dawowa.

Daga cikin abin da muke ragewa na mai, uwargida tana cire naira 30,000 duk wata tana ajiyewa daban da sunan batir, don mun san ranar sauya shi tana nan tafe. Fankar kuma mun yi da bakanike zan riƙa kai masa ita sau biyu a shekara, da ƙarshen hunturu idan ƙura ta lafa, da kuma bayan damina.